Inna da Mai Guga

A duk lungunmu na Madabo babu wanda ya kalli fim ɗin Mai Guga tun daga na ɗaya har na tara sai mu uku: ni, da matar yayana, da mahaifiyarmu, wadda ko yankan kaza ba ta iya tsayawa ta gani. Ranar layya ɗaki take shigewa ta saki labule, ba ta fitowa sai an wanke tsakar gida. Amma da idona na ga wannan baiwar Allah zaune a kan darduma, carbi a hannu, ana zare hanjin wani Bature ana shanya shi a igiya, ta juyo ta ce mini, "Auta, ɗan ƙaro murya, ba na jin abin da yake cewa." Mutumin kuwa ba cewa komai yake ba, ihu yake yi.

Ba Mai Guga ne sunan fim ɗin ba, mu muka raɗa masa. Labarin wani ƙaton mutum ne mai wanki da guga a ɗakin ƙasa na wani tsohon otal. Tukunyar tururi ta fashe ta dafa masa fuska, masu otal suka rufe maganar, shi kuma ya naɗe kansa da jiƙaƙƙen tawul mai huji biyu, ya ɗauki dutsen guga ya fara bin baƙi ɗaki ɗaki. Ba ya magana, ba ya gudu. Na ɗaya fim ne na gaske, wannan ko a gaban wa zan faɗa. Da kyar ake nuna maka jini. Hucin tururi kawai za ka ji a bayan ƙofa, sai tsigar jikinka ta tashi. Na daɗe ina canja hanya saboda mai wankin bakin layinmu, bawan Allah da ko ƙuda bai taɓa kashewa ba. A ƙarshen fim ɗin wata yarinya ta tura Mai Guga cikin wani zurfafan ramin ruwan wanki, ruwa ya rufe kansa, aka fara rubuta sunaye.

Yayana ne ya kawo shi gidan, a faifai. Ranar da muka fara kallo Inna ta zo ta tsaya a bakin ƙofar falo tana faɗa, wai mu dai ba mu da aiki sai sayo masifa da kuɗinmu. Faɗan ya yi tsawo har ta ga yadda aka tura mutumin a ruwa, ta ce Allah ya ƙara, ta wuce.

Ni take wa faɗan, domin Yaya ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta zama su yi hira, in ya durƙusa gaisuwa bango take kallo ta amsa. In tana so a kai masa abinci sai ta ce, "A miƙa wa wancan." Ranar ɗaurin aurensa tana ɗaki tana tsintar wake kamar a maƙwabta ake bikin. Haka aka tarbiyyantar da ita, uwa ba ta nuna ɗan fari nata ne. Ni kuwa auta, har na yi gemu ina kwanciya a cinyarta.

Da kasuwar shadda ta juya wa Yaya baya, sai ya bi masu zuwa Libiya ta Agadas. Ya bar matarsa a gidan, ko haihuwa ba su yi ba, har lokacin Amarya muke ce mata. Ya kira daga Agadas ya ce za su shiga hamada, in sun fita zai sake kira. Bai sake ba. Can da daɗewa wani da suka tafi tare ya dawo, ya ce motarsu ta mutu a tsakiyar rairayi, wasu suka zauna jiran taimako, wasu suka taka da ƙafa, shi bai san ɓangaren da Yaya ya bi ba. Shekara ta zagayo, wata ta bi bayanta, wata ma ta bi.

Baffa, ƙanin marigayi mahaifinmu, malami ne mai karatun zaure, kuma shi ne babba a gidan yanzu. Shi ya fara kawo maganar da kowa ke gudu. Ya ce a je gaban alƙali a yanke hukunci, a yi wa Yaya addu'a, a zauna makoki, Amarya ta yi takaba ta samu 'yancin kanta, domin yarinya ce, iyayenta kuma sun fara aike. Amma ba ya so a yi a bayan idon Inna. Ita kuwa Inna ba ta iya cewa a'a, domin cewa a'a magana ce a kan ɗan fari. Ba ta kuma iya cewa to. Duk ranar da Baffa ya ɗauko zancen sai ta leƙa tsakar gida ta ce, "Wai ba a kawo wa Malam ruwa ba ne?" Baffa ya sha ruwa a gidanmu har ya gode Allah. Amarya kuma ta ce ba za ta taka kotu ba muddin Inna ba ta buɗe baki ba. A haka gidan ya tsaya cak: ba matar aure ba, ba bazawara ba, ba mamaci ba, ba rayayye ba.

Wata Asabar da hantsi aka kawo wuta, na ɗauko faifan Yaya don rage zaman banza, na saka na biyu. Inna ta zo wucewa da faranti a hannu. Daidai nan aka nuna ruwan ramin yana motsi, hannu ya fito, tawul ya biyo baya.

Ta tsaya. "Wannan ba shi ne aka tura a ruwa ba?"

Na ce shi ne.

"Ba mutuwa ya yi ba?"

"Haka aka zata, Inna."

"Shekara nawa ya yi a ciki?"

Na ce a rubuce dai sun ce shekaru da yawa.

"Kuma ya dawo."

"Ya dawo."

Ta ajiye farantin a ƙasa, ta jawo darduma da ƙafa, ta zauna. Ni ba yaro ba ne, na san abin da ya zaunar da ita, kuma raina ya sosu. Amma ban san na ɗauko wa kaina aikin shekaru ba.

Daga ranar kallon ya samu dokoki. Ba a farawa sai ta yi bisimilla. In aka kira salla dole a tsayar, ko da dutsen guga yana sama saura kiris ya sauka a fuskar wani, haka mutumin zai zauna da baki a wangale har mu idar da la'asar mu yi addu'a. Babbar dokar kuwa ita ce ta kunya. A fasa kai, a tsire ido, a matse mutum a injin matse kaya har ya fito shafal kamar gurasa, Inna ba ta ko ƙiftawa. Amma saurayi da budurwa su matso kusa da juna, sai ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "Wuce nan, wuce nan, marasa kunya." Na ƙware a wannan aiki har na san daidai inda zan saki maɓalli, wato daidai inda Mai Guga zai shigo ya raba su. Sai ta buɗe fuska ta ce, "Yauwa."

Ba ta goyon bayan kisa, kada a yi mata ƙazafi. Duk wanda aka kashe sai ta ja masa innalillahi. Abin da ke ba ta haushi wautar mutanen ne.

"Mutum ya ji motsi a ɗakin ƙasa, maimakon ya ƙwala wa maƙwabta kira sai ya sauka shi kaɗai yana tambayar wane ne. Su ba su da mai unguwa ne?"

Wani abin da ya dame ta shi ne ba a zuwa ta'aziyya. An kashe mutum goma sha a gari guda, babu tabarma ko ɗaya a ƙofar gida, babu mai kawo ko kunu. Ta ce dole masifa ta zauna musu. Shi kuwa Mai Guga, duk da halinsa, ta yaba masa abu ɗaya. A na uku, wanda ya koma aiki a asibiti, an nuna shi ya goge rigar wani likita kafin ya shaƙe shi da ita. Inna ta ce, "Amma fa ya iya fitar da kari."

Duk wannan shimfiɗa ce. Abin da take jira ƙarshen fim ne. A na biyu an ƙona otal ɗin da shi a ciki. A na uku ya faɗo daga saman bene ya zarce cikin kogi. A na huɗu, wanda aka yi a jirgin ruwa, jirgin ya tarwatse, tawul kaɗai aka nuna yana yawo a kan teku. Kowane ya ƙare sai ta gyara zama ta yi mini tambayoyinta kamar alƙali.

"An ga gawa?"

"Ba a gani ba."

"An yi masa wanka? An sa masa likkafani? Wani ya sallace shi?"

"Inna, a tsakiyar teku fa."

"To bai mutu ba. Nemo na gaba."

Kuma abin haushi kullum ita ke da gaskiya. In na saka na gaba, ga shi nan ya fito daga ruwa ko daga toka, ya karkaɗe jiki ya nemi inda ake jona dutsen guga. Inna ba ta dariya, ba ta tafi. Numfashi kawai take saukewa, ta ja carbi ɗaya, ranar kuma abincinta har da ƙari.

Fayafayan Yaya a na huɗu suka ƙare. Sauran ni na riƙa nemowa, da farko a faifai, daga baya a shagon masu tura fim a waya. A nan ne wahalata ta soma, domin ni mai son fim ne, kuma ina da ido. Tun daga na huɗu abin ya fara tsami. Tsoron ya tafi, jini ya maye gurbinsa, kamar mai miyar da ta rasa nama ta cika ruwa. A na ɗaya mutum guda ake kashewa ka kasa cin abinci. A na biyar an kashe 'yan makaranta mota guda ina cin gyaɗa. Masu fim ɗin tusa ta ƙare wa bodari, kowane sabo sai sun ƙago wata hanyar kisa da kayan wanki, har aka kai ga kashe mutum da sitati. Na rantse da sitati. An ɗura masa har ya sandare, aka jingine shi a bango.

A kan na biyar ne Baffa ya zo yi mana wa'azi. Labari ya kai masa cewa matar yayansa, hajiya guda, ta zama 'yar kallon yanke-yanke, har mata a gidan suna suna raɗe-raɗin ko iska ce ta taɓa ta. Ya shigo da sallama ya tarar ana tsaka da yi, daidai an binne Mai Guga a cikin siminti. Ya zauna ya ba talabijin baya, ya fara da cewa ido amana ne, za a tambaye shi ranar gobe.

Inna da Baffa akwai wasa tsakaninsu, na matar wa da ƙanin miji, don haka ta katse shi. "Malam, tunda Allah ya kawo ka, ina da fatawa. Mutum ne aka zuba masa siminti, aka gina bene a kansa, amma ba wanda ya ga fitar ransa. Ya mutu ko bai mutu ba?"

Baffa ya kalle ni, ya kalli Amarya da ke rakuɓe a bayan kujera. Ya san ba zancen siminti ake ba.

"Hajiya," ya ce a hankali, "rai a hannun Allah yake. Amma shari'a ba ta bar masu rai a rataye ba. In an daɗe, an nema ba a samu ba, alƙali yana yanke hukunci don a sauƙaƙa wa na baya."

"Alƙali ya ga gawar?"

"Bai gani ba."

"To shi da wanda bai je makaranta ba duk ɗaya."

Baffa ya buɗe baki zai kawo nassi, sai wata ƙara ta fito daga bayansa, irin ta fasa kabewa. Ɗan Adam da son gani, ya waiga. Abin da ya gani ba zan bayyana ba, amma akwai injin wanki a ciki, akwai kuma rabin ɗan sanda. Malam ya ce "Subhanallahi" sau ɗaya, rawaninsa ya karkace, ya sulale ya jingina da kujera. Inna ta leƙa tsakar gida ta ce a kawo wa Malam ruwa, kuma a ranar dai ruwan ya yi amfani.

Bai sake zuwa wa'azi ba. Amma bayan kwana biyu muna fitowa daga masallaci ya ja ni gefe, ya tambayi lafiyar gida, ya tambayi aiki, sannan ya rage murya ya ce, "Wai shi wannan mutumin, ya fito daga simintin?" Na ce ya fito, girgizar ƙasa aka yi. Ya girgiza kai ya ce lallai Turawa ba sa tsoron Allah.

Na shida da fassarar Hausa na samo shi, kuma wannan ita ce musibar da ta fi kowace. Mai fassarar, wani mai murya kamar ta ɗan kamasho, ya ga shirun Mai Guga ya yi yawa, sai ya ba shi baki. Mutumin da ya yi fim biyar bai ce uffan ba ya koma shiga ɗaki da sallama. Yana ɗaga dutsen guga yana cewa, "Sannu da hutawa, Alhaji, na kawo kayan ne." In wanda ake bi ya faɗi, sai ya ce, "Ayya, sannu, ba ka ji ciwo ba ko?" Na ce a kashe, an ɓata fim. Inna ta ce a bari, ashe ma yana da tarbiyya.

Na bakwai kuwa da gani kuɗi sun ƙare musu, duk a ɗaki ɗaya aka yi shi. Jinin ma ba a zuba ba, da kwamfuta aka zana, ja garau kamar zoɓon da aka cika wa ruwa, yana fallatsa bango ba ya ɓata shi. Na ga kan mutum ya gangaro, na rantse kankana ce aka sa wa gashi. Ranar na fita tsakar gida ina huci, na tarar da Amarya tana kwashe shanya. Na ce mata na gaji, na gaba zan ce wa Inna an daina yi.

Ta ci gaba da ninke zani ba ta kalle ni ba. "Kada ka yi."

"Ke ba ki gaji ba?"

"Na gaji mana. Ƙawayena 'ya'yansu sun shiga makaranta." Ta ɗora zanin a kafaɗa. "Amma a duk gidan nan wa Inna take da shi da za ta yi zancen dawowa da shi? In ka ɗauke mata wannan ƙaton, da wa za ta yi?"

Amarya ba ta taɓa kallon fim ɗin da ido biyu ba. A bayan Inna take zama, fuska a cikin mayafi, tana jin ihu tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Amma ba ta taɓa fashi ba. Na ji tausayinta a ranar, na kuma ji haushin Inna, na ji haushin Yaya, na ji haushin wasu Turawa da ban sani ba da suka ƙi barin mai wanki ya mutu ya huta.

A na takwas sai da suka yi abin da na ɗauka ya kashe maganar. Suka daddatsa shi gunduwa gunduwa, suka zuba a akwatuna, kowane akwati aka aika wata ƙasa. Na juya na kalli Inna da murmushin wanda ya ci shari'a.

"Yau dai an ga gawa."

"An haɗa ta wuri ɗaya?"

"A'a."

"To gawa aka gani ko nama?"

Wanda ya yi gardama da Inna a kan wannan ilimi shi ya so.

Na tara ya daɗe bai fito ba. Inna ta riƙa tambaya kamar mai jiran ɗan aike, in na dawo daga aiki kafin ta ce sannu sai ta ce, "Shiru dai?" A tsakanin nan gwiwoyinta suka fara ciwo, ta koma salla a zaune. Iyayen Amarya suka sake aike, Baffa ya sake zuwa ya sake shan ruwa. Da fim ɗin ya fito, yaran shagon turi suka aiko mini tun kafin na tambaya, domin zuwa lokacin duk sun san ni da mai tsohuwar nan.

Ranar Lahadi ce bayan azahar. Inna ta yi wanka ta saka atamfa mai kyau, ta yi bisimilla. Aka nuna wani tela mahaukaci ya tattaro akwatunan, ya ɗinke gaɓoɓin da keken ɗinki, har yana canja zare. Ban ko yi tsaki ba, na riga na sallama. Aka jona wuta, gawar ta motsa, ta laluba ta ɗauki tawul ta naɗa. Mai Guga ya miƙe, ya taka zuwa ƙofa.

Ina jiran numfashin nan da take saukewa. Bai zo ba.

"Mayar da shi baya," ta ce.

Na mayar. Ya sake miƙewa ya sake takawa.

"Wannan ba shi ba ne."

"Shi ne mana, Inna. Ga tawul, ga dutsen guga."

"Kayansa ne aka sa wa wani. Dubi kafaɗa. Dubi yadda yake jefa ƙafa kamar ɗan ƙwallo. Wannan yaro ne."

Na ce ai ɗinka shi aka yi, dole tafiya ta canja. Ta ce in daina yi mata wayo, in duba a wayata, tunda komai a ciki yake, in gaya mata ina aka kai na ainihin. Na tsayar da fim ɗin na duba, ina da tabbacin zan nuna mata kuskurenta. Na karanta, na sake karantawa, sannan na kife wayar a cinya.

"Me suka ce?"

"Ba wani abu ba ne."

"Auta, ni na haife ka. Karanta."

Na gaya mata. Wanda ya fito a na tara sabon ɗan wasa ne, gaskiyarta. Amma ba shi ne na farko da aka canja ba. Kusan kowane fim da mutuminsa, duk wani ƙato da aka samu sai a naɗa masa tawul. Shi kuwa na ainihin, wanda aka tura a ramin ruwa, fim ɗaya tak ya yi. Ciwo ya kama shi ya rasu tun kafin a fara na biyu.

A talabijin ga ƙaton nan a tsaye, ƙafa ɗaya a sama.

"Wanda ya fito daga ruwan fa?" ta ce. "Ranar da na zo wucewa?"

"Wani ne, Inna."

"Na gobarar?"

"Wani ne."

"Na simintin ma?"

Na gyaɗa kai.

Ta daɗe tana kallon hoton. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, kamar da kanta take magana, "Ashe tun farko bai dawo ba." Can ta ƙara da cewa, "Su suna da wanda za su sa wa kayan."

Na ce ko in kashe. Sannan na miƙa hannu na kashe. Aka bar mu da ƙarar fanka da kukan awakin maƙwabta. Na so in ce wani abu, in ce fim daban rayuwa daban, in ce Allah mai iko ne. Duk na san ta fi ni sani.

Ta dafa kujera ta miƙe da kyar. Ta gyara ɗaurin zani.

"Je ka gidan Baffanka," ta ce. "Ka ce in ya yi la'asar ina son ganin sa. Ka ce ba ruwa zai sha ba. In ka dawo ka bi maƙwabta ka aro tabarmi."

Shekara da shekaru ina so ta faɗi wannan magana, da ta faɗa kuma sai na ji kamar yanzu aka aiko mana daga hamada.

Sannan ta juya wajen Amarya. A tsawon zamansu ban taɓa ganin ta kalle ta ido cikin ido ba, suruka ce, matar ɗan fari kuma. Ta ce, "Yarinyar nan, kin yi haƙuri. Allah ya biya ki. Cire 'yan kunnen."

Amarya ta sauke mayafi, fuskarta jiƙe sharkaf. Ta kai hannu ta cire na dama. Na hagu ya ƙi fita, maƙallin ya cije saboda daɗewa. Ta ja, ta murɗa, kunnen ya yi ja.

Inna ta ce, "Bari, za ki ji wa kanki ciwo." Ta matso, ta kama kan Amarya ta jingina shi a ƙirjinta, ta sunkuya da idonta da ba ya gani sosai tana laluben maƙallin da farce. Da na kai zaure na waiwaya, har lokacin ba ta samu ya buɗe ba, kuma ba ta saki kan ba.